Makin Ɗana Ya Fi Na Kowa Ƙanƙanta

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Ni ne Malam Ilu daga Gozaki, tsohon hedimasta da ya daina sa ran alheri daga duniya.

Ɗana Nasiru ƙwararren ɗan wasan golf ne, wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, ga ciwon da ke cinye masa tsoka. Likita ya ce wataƙila gasar bana ce ta ƙarshe gare shi. Da Nasiru ya bugo waya bayan gasar ya ce makinsa ya fi na kowa ƙanƙanta, sai na shiga ba shi haƙuri, don a makaranta wannan faɗuwa ce.

Ya yi dariya ya ce, "Baba, a nan mai ƙarancin bugu ke cin kofi."

Ranar har rawa na taka a tsakar gida. Yanzu ya ce baɗi ma zai shiga gasar. Masu sauraro, in hana shi ko in ƙyale shi?