Gurbin "Saura Kaɗan"

A ɗakin jira na garejin gyaran mota, wata mata ta ɗora kwamfuta a cinya tana ta tsaki. Dattijon da ke gefenta ya leƙo.

"Hajiya, wannan tsaki haka, motar ce?"

"Ina ma ita ce, Baba. Manhajar da muke bin ayyukan kamfaninmu ce. Na buɗe wa ma'aikata gurbi, kowa ya rubuta inda aikinsa ya tsaya. Yanzu shugaba na son rahoto, dubi abin da suka zuba mini: 'ana kai', 'mun kusa', 'saura kaɗan'. Ta ina na'ura za ta tattara wannan?"

"To, ai gaskiya suka faɗa."

"Zan mai da shi gurbin zaɓi: ba a fara ba, ana yi, an gama. Ranar gamawa kuma a ɗauko ta daga kalanda."

Dattijon ya riƙe baki. "Haba, 'yata! Ni ma gini nake kula wa wani kamfani. Mutum bai ga siminti ba, ki ce ya sa rana? Ki bar su su sha iska mana."

"Zan bar musu gurbin bayani a gefe, su yi ta zuba. Amma ba zai shiga rahoto ba."

"To, da sauƙi."

Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya gyara zama, ya sassauta murya.

"Ranka ya daɗe. Rufin? Ai saura kaɗan."

Ta jira ya kashe, sannan ta juya masa kwamfutar tana murmushi.

"Baba, wanne zan danna maka a cikin ukun?"