Waƙar Yaya Sani ta biyo ni sallah

Assalamu alaikum Malama Hadiza da masu sauraron shirinki, Allah ya ƙara miki lafiya. Rabi ce daga unguwar Old Trafford a nan Ingila.

Watan jiya muna hanyar zuwa unguwar Sparkhill gaida matar marigayi yayana Sani, sai 'yata Aisha ta kunna waƙoƙin Turawa a mota. Wai na wasu masu salon kiɗan new wave ne da duniya ta manta da su, yanzu aka tono su aka sa a intanet. Har zan ce ta kashe, don ni ba mai jin kiɗa ba ce, sai na gane waƙa ta biyun. Ita Yaya yake bi da fito yana guga a Kano, bayan dawowarsa daga karatu a Ingila.

Malama, ba zan yi ƙarya ba, waƙar tana da daɗi, har na sa Aisha ta saka mini ita a wayata. Amma ta hana ni sakat. Ina tada kabbara sai gangar ta faɗo mini a rai, in rasa raka'a nawa na yi. Na gaji da ƙabli da ba'adi. Aisha dariya ta yi, wai, "Mama, kin zama fan ke nan, masoyiyar mawaƙan." Matar Yaya kuwa ta ce, "Goge ta daga wayarki ki huta, Rabi."

Faɗa da sauƙi. Ko a kaset ba mu da muryarsa, sai wannan waƙar ke dawo mini da shi. Masu sauraro, ku ba ni shawarar yadda zan raba ta da sallata, amma don Allah kada a ce in goge.