Kunyar ɗan fari ta kusa kashe mini yaro

Salamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, sannu da aiki. Ni ce Rabi, daga wani ƙauye kusa da Urafane.

Da damanar nan masassara ta kama ɗana na fari. Kun san al'adarmu: ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka jawo shi jikinka gaban surukai. Wurin kakarsa yake kwana, shi ke kai mata tumaki kiwo. Muka ce palu ce, wato masassarar cizon sauro, muka sayo magani a kasuwa. Jiki ya ƙi sanyi, ƙuraje suka feso mashi, kai na ciwo. Ina jin nishinsa ta bayan zana, amma kunya ta hana ni shiga.

Da muka kai shi likita a Tasawa, aka gwada jini, babu palu. Majo, wato babban malamin jinya, ya tuɓe mashi riga, sai ga baƙin tabo a hammata kamar ƙunar garwashi. Ya ce cizon kaska ne, kuma maganinsa dabam. Ya tambaye ni, "Ke ce uwarsa? Yaushe wannan ya fito?" Wallahi ban sani ba. Na sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhamdu lillahi ya warke. Iyaye mata, in masassara ta ƙi jin maganin palu, ku duba jikin yaro da hannunku, ku kai shi likita.

A gaishe mini da shi, Malam. Sunansa Habibu. Ka faɗa da ƙarfi, kowa ya ji daga bakina ya fito.