Haƙurin da Ta Bayar a Rubuce

Kwana bakwai aka ba wata mai ɗinki ta biya kuɗin hoto ɗaya, ko a maka ta a kotu. Ranar Litinin, a bencin ofishin lauya, ta nuna wa dattijon da ke gefenta wasiƙar da masu hoton suka aiko mata.

"Wane irin hoto ne haka, 'yata?"

"Almakashi ne, Baba. A intanet na ɗauko, na sa a shafina na koyar da ɗinki."

"Ke da kike da almakashi a shago?"

"Har uku. Nawa sun yi tsatsa ne."

"To ki goge mana."

"Tun ranar na goge hoton. Har na rubuta musu: laifina ne, a yi haƙuri."

"Madalla. Haka 'yar mutunci take yi."

"Shi ya kashe ni, Baba. Sun dawo min da maganata, sun ja layi ƙarƙashin 'laifina ne'. Wai na amsa da bakina."

Dattijon ya zare tabarau. "Ni ko ƙafata aka taka, haka nake cewa."

"Su ba su san wannan ba. Ko kekunan ɗinkina biyu na sayar, kuɗin ba zai kai ba."

"Mutum nawa suka ga hoton?"

"Sha ɗaya. Biyu ƙannena ne."

Sakatariya ta leƙo ta ce lauya ya wuce kotu, sai Alhamis. Mai ɗinkin ta sake duba wasiƙar. Ranar Laraba wa'adin zai cika.