Rigar Yaya a Cikin Ganga

Kawu: Alo? Alo! Wa ke magana?

Auta: Kawu, ni ne. Ina wuni?

Kawu: Ni ne wa? Kowa ya kira sai ya ce ni ne.

Auta: Auta ne, Kawu. Autan ƙanwarka.

Kawu: Af! Shalele! Ai suna ba ya fitowa, gilashin wayar ya tsage tun ranar da na zauna a kanta. Lafiya lau. Ya gida? Ya Mamarku?

Auta: Tana lafiya. Ya mutanen gidan? Ya ƙafa?

Kawu: Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Gwiwar nan yanzu ta fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Ya ƙarin haƙuri?

Auta: Da godiya.

Kawu: Allah ya ji ƙan yayanka. Mamarku tana cin abinci kuwa?

Auta: Tana taɓawa. In an zuba mata ido.

Kawu: To ku zuba mata. Kai, wannan wace irin ƙara ce? A cikin injin niƙa kake?

Auta: Oga ne yake yanka ƙarfen wata ƙofa. Bari in zagaya bayan shago. Yanzu fa?

Kawu: Yauwa. Ogan naka har yanzu da guduma a hannu yake gaisawa da mutane?

Auta: Ya ɗan yi sanyi. Tun rasuwar bai zage ni ba, har abin ya fara damuna. Kawu, kana ina?

Kawu: Ina harabar coci, ƙarƙashin bishiya, ina kallon 'yan ƙungiyar samari suna ɓata wa Allah fareti. Hagu daban, dama daban, kamar agwagi sun sha giya. Ga shi ranar Lahadi za su yi wa yayanka macin ban kwana.

Auta: To... gangar da yake bugawa tana wurinku?

Kawu: Ɗazu yara suka ɗauko ta daga gidanku. Abin mamaki, ganga ta ƙi magana. Ka buga, sai ka ji dum, kamar ka mari matashin kai. Yara har sun fara cewa makoki take yi. Kyaftin ɗin ƙungiyar ya ce a kai ta sito, gobe a kwance ta a gani. Wai kai, da ma ina nemanka. Mamarku ta aiko da hula da bel da wando, ta ce riga ta yi ɓatan dabo. Ta juye ɗakinku har ƙarƙashin katifa.

Auta: Tana ciki.

Kawu: Tana ina? Sabis ya ɗauke.

Auta: Rigar. Tana cikin gangar.

Kawu: Tana cikin garwa? Wace garwa?

Auta: Ganga, Kawu! Ni na kwance ƙusoshin, na naɗe ta, na sa a ciki, na mayar da fatar. Yaya ne ya koya mini kwancewa. Ban san za a zo ɗauka ina wurin aiki ba.

Kawu: Ikon Allah! Yau ga ɗan banza! Mu muna nan muna shirin kira wa ganga Fasto ya yi mata addu'a, ashe riga ta haɗiye. Me ya kai ka?

Auta: Mama za ta wanke ta.

Kawu: To da me za ta yi da ita, miya? Ai ka san ƙa'ida. Ɗan ƙungiya in ya tafi, a wanke kayansa, a sa sitaci, a goge, a ɗora a kan ganga gaban bagadi, bayan sujada a ba wanda ba shi da su.

Auta: Na sani. Amma Kawu, ba a wanke ta ba tun sawarsa ta ƙarshe. Ranar da suka dawo daga faretin bikin nan, ya cire ta ya rataye a ƙusar bayan ƙofa, ya ce gobe zai wanke. Da yamma zazzaɓi ya kama shi. Goben ba ta zo ba. Har yanzu hannun dama a lanƙwashe yake, yadda yake riƙe sanda. In na sa fuskata a wuyanta sai in ji kamar yanzu ya shigo, zai ce in matsa masa a kan gado. Komai nasa a ɗakin ya yi shiru, ita kaɗai ce ba ta san ya mutu ba.

Kawu: Hm.

Auta: Kawu? Kana ji?

Kawu: Ina ji. Gyaran murya nake yi.

Auta: Shi ne na ce ko za ka ara mini taka tsohuwar, a ɗora a madadinta. Ai kana da ita a akwati.

Kawu: Tawa? Hahaha! Kai yaro, ka taɓa ganin tawa kuwa? Kaki ce fa, ruwan ƙasa, mai aljihu kamar buhu. Ta yayanka shuɗiya ce mai duhu. Ko makaho ya shafa ya san an yi musanya. Kuma ba riga ce ta ƙa'ida ba, tela na ba ya ɗinka mini don tarihi. Ta ainihi tuni ta bi layi, an ba wani.

Auta: Da ma kaki kuke sawa?

Kawu: Au, ba ka sani ba? Zauna in ba ka labari.

Auta: Kawu, katina...

Kawu: Kati ai don magana aka yi shi. Mu da muka shiga, zamanin tsohon Kyaftin mai gashin baki, babu riga ma sam. Ka zo da duk tsummar da uwarka ta sa maka. Abu uku ne kawai na ƙungiya: hula, bel, da farar jaka. Hular kuwa 'yar zagayayya, kamar gwangwanin kifi, da igiya a haɓa. A karkace ake ɗora ta, saman kunnen dama. In iska ta taso, sai ka ga runduna guda ta watse tana bin huluna a titi.

Auta: Jakar fa, me ake sawa a ciki?

Kawu: Babu!

Auta: Babu?

Kawu: Ko allura. A sha mata sitaci, a goge ta ta zama kamar faranti, a rataya. Ranar da wani abokina ya sa gyaɗa a tasa, mai ya fito ya yi taswira, sai da aka sa shi zagaye filin nan har rana ta faɗi. Kan bel kuma na tagulla ne, da toka da lemun tsami muke dirzarsa. Kyaftin yakan sunkuya ya duba gashin bakinsa a ciki. In bai ga kansa ba, ka shiga uku.

Auta: Yaya da man goge haƙori yake wanke nasa. Nawa man kuwa.

Kawu: Ka ji ɓarawo! Allah ya gafarta masa. To daga baya aka ga abin ba tsari: ɗan mai kanti ya zo da riga mai maɓalli, ɗan mai faskare ya zo da singileti duk ƙofofi. Tsohon Kyaftin ya ce a gaban Allah da gaban ganga kowa ɗaya ne. Shi ne aka kawo kaki, riga da gajeren wando da doguwar safa. Safar ba ta tsayawa, sai mun yanko robar tayar keke mun ɗaure. Ka ga shaidar har yau a ƙwaurina.

Auta: Kai da gajeren wando, Kawu? Da wannan gwiwar?

Kawu: Rufe mini baki! A lokacin gwiwar nan mata har leƙe suke yi ta taga. Tambayi matata.

Auta: To yaushe aka koma shuɗi?

Kawu: Bayan an yi yaƙi a cocin nan. Samari suka ce sun girma, gemu ya fito, ba za su ƙara nuna cinya a gaban surukai ba. Dattawan coci suka ce dogon wando girman kai ne. Aka yi ta zama ana tashi, har wani dattijo ya yi fushi ya koma zama a bencin baya. Ƙarshe dai matan zumuntar coci suka raba gardama, suka ce su ne masu wanki, kaki yana cin sabulu, a koma shuɗi mai duhu. Hula ma aka canza ta, ta zama mai kama da kwalekwale. Jaka aka yi mata ritaya. Yanzu kuma na ji yaran nan suna ƙunƙuni wai a ba su riga mai roba da hular hana-sallah. Ranar da aka yi haka, ku nemo mini likkafani.

Auta: Ka ga ke nan komai yana canzawa. Hula ta canza, wando ya canza. Don riga ɗaya ta kwana a gida...

Kawu: A'a, ɗana. Nan ne ba ka gane ba. Launi ya canza, tsawo ya canza, abu ɗaya ne bai taɓa motsi ba: rigar ƙungiya ba ta kwana a akwati. Tun ranar da aka kawo kaki aka kafa wannan ƙa'ida, don ba kowane uba ne zai iya ɗinkawa ba. Ita kanta wadda ka cusa a ganga, kana tsammani sabuwa yayanka ya same ta? Wani ya yi gumi a cikinta kafin shi.

Auta: Wa za a ba?

Kawu: Duk wanda ke cikin layi ba shi da ita. Sai dai yaran bana duk ƙanana ne kamar 'yan tsaki, yayanka kuwa dogo. Dole tela ya rage ta.

Auta: Ya rage? Da almakashi?

Kawu: Da haƙori zai rage? A yanke hannu, a cire gefe...

Auta: Kawu, don girman Allah! Wanki ma ban yarda ba, kana maganar almakashi? Na ga an sa Yaya a rami ban ce komai ba. Kada a yanka shi kuma a kan teburin tela.

Kawu: Yi shiru, yi shiru. Ja numfashi. Ka ji ƙarar makulli? Ga ni a ƙofar sito. Wannan kwaɗon sai an yi masa lallashi kamar amarya... yauwa. Kai, duhu! Wa ya jingina tutoci a hanya? Ga ta nan a kan benci, kusa da ƙahonin busa.

Auta: Kada ka buɗe a gaban yara.

Kawu: Ni kaɗai ne, sai ɓera. Saurara, Auta. Almakashi ina da maganinsa. Ruwa ne ba ni da shi.

Auta: Wane magani?

Kawu: A samu mai tsawon yayanka a cikin layi, wanda ba shi da riga. Kafaɗarku ai ɗaya.

Auta: Ni? Kawu, ka manta yadda na fita? Ana cewa hagu ina yin dama. Na taka Kyaftin, na ture mai tuta, Yaya yana buga ganga yana dariya har sanda ta faɗi.

Kawu: Na tuna mana, ai ni na ɗaga mai tutar. Amma leƙo ka ga waɗanda ke filin nan yanzu. A cikinsu kai janar ne.

Auta: In na karɓa, sai na sa ta.

Kawu: Kowace Lahadi ta fareti. Ka yi gumi a ciki, ka wanke, ka goge. Ba a karɓa don a ajiye. Kuma kada in ruɗe ka, ɗana: abin da kake shinshina ɗin nan, ko ka bar ta a ganga tafiya zai yi. Ba ya sallama, wata safiya za ka ɗauka ka ji yadi kawai. Gara ka sallame shi da hannunka.

Auta: Hm.

Kawu: Alo? Ka faɗa rijiya ne?

Auta: Ina nan. Oga yana leƙowa. Kawu, in haka ne, kada Mama ta taɓa. Kada kowa ya taɓa. Ni zan wanke ta.

Kawu: Ka iya sitaci?

Auta: Za ka koya mini.

Kawu: Da hagu da dama?

Auta: Wannan sai addu'a.

Kawu: Hahaha! To bari in fito da ita kafin gobe Kyaftin ya tona mana asiri. Wa ya ɗaure ƙusoshin nan haka? Kai maƙeri ne ko mugu? Saura ɗaya... yauwa, fata ta ɗago. Ga ta. Ka naɗe ta kamar jariri. Har da tsinken sakace a aljihu, ɗan banzan yaro. Bari in kakkaɓe...

Auta: Kada ka kakkaɓe!

Kawu: Ban kakkaɓe ba. Na dai... Kai. Kai, kai, kai.

Auta: Mene ne? Ta lalace?

Kawu: Wannan turaren nasa mai arha. Sau nawa na ce ya daina, yana sa ni atishawa a coci...

Auta: Kawu, kuka kake yi?

Kawu: Ƙurar sito ce. Auta, ka ce yaushe za ka wanke?

Auta: In na tashi aiki zan zo da sabulu.

Kawu: Ba sauri ake ba. Lahadi da sauran kwana. Ka bari sai jibi, ka zo mu ɗan zauna da ita tukuna, ni da kai, sannan...

Auta: Kawu, matar kamfanin waya ta fara magana, katin ya...

Kawu: Alo? Auta? Alo!