Haƙoran Goggo Talatu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hauwa'u daga Zandam, ƙaramar hukumar Gwaram. Labarin ƙanwar babana, Goggo Talatu, nake so jama'a su ji.

Bara Goggo ta faɗo daga kan babur, haƙoranta na gaba suka zube. Mace mai son raha, sai ga shi ta daina zuwa biki, ko gaisawa za ta yi sai ta rufe baki da mayafi. Da aka ce ta sa haƙoran roba, mata suka yi ta tsorata ta, wai na matattu ake cirowa, wai salla ba ta karɓuwa da su.

Goggo ba ta tsaya jin wai-wai ba. Ta tambayi limaminmu, ya ce babu laifi, magani ne. Ta hau mota zuwa asibiti a Birnin Kudu, ta ce wa likita, "Ɗana, fara nuna min abin da ake yin su da shi." Ya nuna mata, aka auna bakinta, aka yi mata.

Ranar sunan ɗana, a tsakiyar mata ta cire su, ta ɗaga sama ta ce, "Ku duba da kyau, roba ce!" Aka yi ta dariya. Washegari maƙwabciyarmu mai ɓoye giɓinta ta zo roƙon Goggo ta raka ta asibiti.

Malam, saura babana. Nama ya gagare shi tauna, amma kunya ta hana shi zuwa. Masu saurare, yaya zan shawo kansa?

Goggo, na san kina ji. Allah ya ƙara lafiya.