Ganyen da Aka Share Domin Baƙi

Na ji ka, Malam mai gabatarwa, a taƙaice za a yi. Ai abin da zan yi magana a kansa ma an riga an taƙaita mini shi.

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe, mai girma Daraktan wannan cibiya, manyan baƙi da ke layin gaba, inda iskar fanka take kaiwa, abokan aikina, ɗaliban da aka kira domin cika kujeru, jama'a maza da mata, barkanku da zuwa.

Ina gode wa kwamitin shirya taro da ya ba ni damar bayyana bincikena, ina kuma gode masa ƙwarai a kan tsabtar da ya yi wa harabar nan. Tun da nake aiki a nan ban taɓa ganin ƙasa ta yi tas haka ba.

Na farko, ganye idan ya faɗi bai gama aikinsa ba. Gara ta ci, tsutsa ta ci, ƙananan halittun da ido ba ya gani su ƙarasa, sannan ya koma taki, bishiya ta sake shan abinta. Sai dai ba kowane ganye ke ruɓewa da sauri ɗaya ba. Mai laushi kafin damina ta fita ya narke. Mai kauri da ɗaci kuwa sai ya kwanta ya ƙi motsi, ya ga tafiyar wannan damina da zuwan wata, kamar wasu da muka sani a kan kujerunsu.

Na biyu, tambayata ita ce ko wannan hali gado ne. Na dasa bishiyoyi iri ɗaya, a ƙasa ɗaya, suna shan ruwa ɗaya, iyayensu ne kawai daban. Ganyen kowacce na zuba shi a jakar raga, na ajiye a gindinta, lokaci-lokaci in ɗora a sikeli in ga nawa ya rage. Shekaru nake wannan durƙuso, kuma alamu sun fara nuna cewa 'ya'yan uwa ɗaya tare suke ruɓewa. Damina ɗaya ta rage in tabbatar.

Na uku, makon jiya na zo aiki na tarar da jakunkunana a kan teburina, an zazzage su, an wanke da sabulu, an ninke. Jama'a, an ninke su da kyau, wannan ba zan hana kowa yabonsa ba. Ganyen kuma an tara shi an cinna masa wuta, ya ruɓe nan take ba tare da la'akari da iyayensa ba.

Na je wurin shugaban kwamiti. Ya ce, "Haba Dakta, ke da karatunki, manyan baƙi za su zo su ga shara?"

Na ce, "Yallaɓai, sharar suka zo ji."

Ya ce, "To, su ji. Ji daban, gani daban. Ba ki da hotonta ne?"

Shugaban taro, ranka ya daɗe, rabin aikin ya tsira, domin yana bayan tankin ruwa inda kwamiti bai leƙa ba. Ɗazu na ji an ce za a zagaya da baƙi ta can bayan cin abinci, kuma da nake hawowa nan na hangi masu shara suna tura baro wajen. Ba su da laifi, aike ne. Roƙona ɗaya ne: ka ce a bari. Kalma biyu ce, ga makirufo a gabanka.

Na ga ana yi maka raɗa a kunne. Na ga kana duba agogo. Ba komai, ranka ya daɗe, na san irin wannan shawara sai an kafa mata kwamiti.

Saboda haka a yi mini afuwa, ba zan tsaya amsa tambayoyi ba. Mai tambaya ya same ni a bayan tanki, zan zauna a kan ganyen da wannan leshin nawa, mu ga ko akwai tsintsiyar da za ta share ni.

Allah ya saka wa mahalarta da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya ba ƙasarmu abin da za ta ci, tun da mun hana ta nata.

Na bakin ƙofa, a ja ta bayan na fita, kada ganye ya shigo wa baƙi.

Na gode.